Masaukin marubuta: Abin da Abubakar Imam ya samu a 1936, matasan Potiskum ke nema yau

Garin Potiskum ba ya barci da wuri. Manyan motocin da suka taso daga Kano da Jos suna ratsa shi dare da rana a kan hanyarsu ta zuwa Damaturu da Maiduguri, ranar kasuwar shanu kuwa ƙura da kukan dabbobi da cinikin dillalai ne ke cika gari. Kasuwar tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma da ita aka fi sanin garin a Abuja da Legas, sai kuma tirelolin da attajiransa suka yi suna da mallaka.

Waɗanda ba a cika ambata ba su ne matasan da ke rubutu a tsakiyar wannan hayaniya. Akwai malamar firamare da ke rubuta labari a wayarta bayan sallar isha'i, tana tura shi kashi-kashi zuwa zaurukan WhatsApp. Akwai ɗalibin kwalejin ilimi da ya cika littafin makaranta da waƙoƙi, da yaron shago da ya fara ƙagaggen labari tun bara. Farawa ba ta yi musu wuya. Wuyar tana wajen kammalawa, domin ɗaki ɗaya suke kwana da ƙanne, wuta ba ta zama, cajin waya da kuɗi ake yin sa, kuma duk wanda aka gani a zaune da biro a gidan Bahaushe an ɗauka ba ya aikin komai, don haka shi ake aika. Littattafai da yawa a babi na uku suke mutuwa.

A Turai da Amurka an daɗe da samar wa wannan matsala magani, wato masaukin marubuta. Gida ne da ake ware wa marubuci ɗaki a cikinsa na makonni ko watanni, a ɗauke masa nauyin ci da sha, a bar shi da aikinsa. A MacDowell, wanda aka kafa a 1907 a Jihar New Hampshire ta Amurka, har yanzu a cikin kwando ake ajiye wa baƙo abincin rana a bakin ƙofar ɗakinsa, don kada a katse masa tunani. Mai jin wannan zai iya cewa gata ne irin na ƙasashen da suka ƙoshi. Tarihin adabin Hausa bai goyi bayan wannan zato ba.

Wata shida a Zariya

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin Hausar boko. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam a lokacin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana koyarwa da rana, yana rubutu a ɗan lokacin da ya rage masa.

East ya ga abin da ke cikin saurayin, ya kuma gane cewa ragowar lokaci ba za ta haifar da babban littafi ba. A 1936 aka karɓo aron Imam daga Katsina zuwa Zariya. Bai ajiye aikinsa ba, gurbinsa na jiransa, an dai ɗauke masa aji da alli na kimanin wata shida. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya riƙa karanta abin da ya rubuta suna tattaunawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda kusan duk wanda ya yi karatun Hausa a makaranta ya riƙe shi da hannunsa. Da ya gama ya koma Katsina, kafin a sake kiransa ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939.

Idan aka tuɓe wa wannan labari rigar tarihi, abubuwa huɗu ne a cikinsa: wurin zama, lokaci, littattafan karantawa, da edita mai kaifin ido. Su ne dai abubuwan da kowane masaukin marubuta ke bayarwa a yau. Kuma ya dace ma'aikatan gwamnati su lura da cewa ta hanyar da suka sani aka yi shi, wato aron ma'aikaci daga wata hukuma zuwa wata. Da wani jami'in ilimi ya ƙi sa hannu a takardar, da wataƙila babu aku mai ba da labari a fadar Sarki Abdurrahman.

Ba za a ce Turawan mulkin mallaka don Allah suka yi ba. Littattafan karatu suke bukata a makarantunsu, kuma East yana da ra'ayinsa game da irin Hausar da ta dace da irin labarin da ya dace. Wanda ya ba da ɗaki yakan so ya sa baki a abin da za a rubuta a cikinsa, kuma wannan haɗari yana nan har gobe.

Ƙasar Yobe ma ba baƙuwar keɓewa don rubutu ba ce. Potiskum tana kan hanyar gabas, wadda gardawa daga Kano da Katsina da Zazzau suka daɗe suna bi zuwa Borno neman Alƙur'ani. A tsarin tsangaya, mai tilawa yakan fita bayan gari inda babu motsin kowa, alaramman da zai rubuta Alƙur'ani da ka kuma yakan shafe watanni a kan aikin, jama'a ko wani mai hali na ɗauke da abincinsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zaman banza. Al'ummar ta san cewa rubutu mai tsawo yana son shiru da ciyarwa, ba ta dai miƙa wannan sani ga mai rubuta labari ba.

Iseyin, Ilori da Mpape

Masaukin da ya fi suna a Najeriya a yau shi ne Ebedi, a garin Iseyin na Jihar Oyo. Dokta Wale Okediran, likita kuma marubuci, tsohon ɗan Majalisar Wakilai kuma tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, shi ya buɗe shi a 2010. Marubuci yakan zauna har mako shida kyauta, abin da ake nema daga gare shi kawai shi ne ya ba ɗaliban sakandaren garin 'yan sa'o'i a mako. Ayobami Adebayo, wadda littafinta Stay With Me ya zagaya duniya, tana cikin waɗanda suka taɓa zama a can. A Ilori ma akwai Imodoye, wanda Dokta Usman Oladipo Akanbi ya kafa. Duka biyun mutum ɗaya ne ya tsaya musu da aljihunsa da sunansa.

Labarin Abuja ya fi tsawo, ya kuma fi ɗaci. A 1985 Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, Ministan Babban Birnin Tarayya kuma mawaƙi, ya ba ANA fili domin gina ƙauyen marubuta. A watan Maris na 1986 aka harbe shi bisa zargin yunƙurin juyin mulki, duk da roƙon da Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark suka je suka yi. Filin da ke Mpape ya shafe kusan shekara talatin tsakanin shari'a da masu cin iyaka kafin gine-gine su tashi a kansa. Yau Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa yana tsaye, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da ke bin hanyar Mpape kullum ba su san da shi ba.

Idan ana lissafa waɗannan gidaje, ba a kaiwa Arewa maso Gabas. Daga Potiskum zuwa Iseyin ya haura kilomita 1,000. Sanarwar neman gurbi da Turanci take fitowa, a shafukan da marubutan Hausa ba su cika leƙawa ba. Sannan mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labaran Hausa a yau mata ne, kamar yadda kowa ya shaida tun zamanin adabin kasuwar Kano, kuma kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ke nunawa tun 2016. Matar aure mai goyo a Potiskum ba za ta ce wa maigida da surukai za ta ƙasar Yarabawa ta yi mako shida tana rubutu ba. Bukukuwan adabi irin su KABAFEST da HIBAF sun kawo marubuta kusa da juna a Arewa, amma biki kwana uku ne ko huɗu, ana watsewa kowa ya koma ɗakin da ya baro.

Abin da ke jiran a rubuta

Dalilin da ya sa maganar Potiskum ta fi ta sauran garuruwa gaggawa yana cikin abin da garin ya gani. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka far wa kasuwar shanu suka kashe mutane da dama. A ranar 6 ga Yulin 2013 aka kai hari makarantar sakandaren Mamudo, kusa da garin, aka kashe gomman ɗalibai. A ranar 10 ga Nuwamban 2014 wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya tayar da bam a wurin taron safe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnati, mutum fiye da 40 suka rasu, akasarinsu yara.

An rubuta littattafai a kan wannan zamani, kamar The Chibok Girls na Helon Habila da ya fito a 2016, amma yawancinsu da Turanci ne, kuma daga nesa aka zo aka tambaya aka koma. Rahotannin hukumomi suna da alƙaluma. Ba su da yadda uwa ta bi gadajen asibiti tana duba fuskoki, ko yadda aka koma aji bayan an wanke filin. Wannan sai wanda ya tsaya a wurin, kuma irin wannan rubutu ba a yin sa tsakanin aike da aike.

Akwai kuma batun harsuna. Potiskum mahaɗar Ngizimawa ce da Bolawa da Karekare da Ngamawa da Fulani da Hausawa, ga fadar Sarkin Fika, ga ta Mai Potiskum. Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da Alhaji Maina Gimba sun jagoranci wani aikin bincike a kan harsunan Yobe, wanda ya fitar da ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo da Badanci, aka buga su a cikin garin a 2004. Masana daga Amurka sun samu kuɗi da lokacin da za su zauna a Potiskum su tattara kalmomin. 'Ya'yan masu harshen da za su gina labari da kalmomin ba su samu irin wannan zama ba.

Ginin yana nan

Abin da ake bukata bai kai girman da ake zato ba. Gwamnatin Tarayya tana da Kwalejin Ilimi ta Fasaha a Potiskum, tana da Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya, kuma ɗakunan kwanansu a rufe suke a lokacin dogon hutu. Marubuta shida ko takwas, mako huɗu, abinci sau uku, wutar sola, tebur da kujera, da edita guda da ya san Hausa ciki da waje. Rukunin mata zai iya zama daban, a bar mai goyo ta zo da mai raino, 'yar gari kuma ta wuni ta koma gida da yamma. Duk mai hankali zai kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Yobe ke hana mutum tunani ko da a inuwa.

Hanyoyin kuɗin ma sanannu ne ga masu aiki a sakatariya. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017, farfaɗo da yankin ne aikinta, kuma adana abin da ya faru yana cikin farfaɗowa. TETFund yana da tsarin mayar da rubuce-rubucen malaman manyan makarantu littattafai. Akwai ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira tun 2023. Akwai ayyukan mazaɓu, waɗanda hadiman 'yan majalisa ne ke zana jerinsu na farko. Dokokin aikin gwamnati kuma sun tanadi aron ma'aikaci da hutun ƙaro ilimi, abin da ya rage shi ne shugaban da zai yarda cewa malamin makaranta mai littafi a hannu ya cancanci wata biyu.

Wuraren da irin wannan shiri ke lalacewa su ma sanannu ne. Na farko shi ne a mayar da shi taron bita irin na otal: kwana uku, jaka da biro, alawus, takardar bayan taro, a ɗauki hoto a watse. Na biyu shi ne rabon gurabe, inda kowane mai faɗa a ji zai turo ɗan ƙanensa. Na uku shi ne mai ba da kuɗi ya sa ran littafin yabo. Maganin na biyun mai sauƙi ne: a karɓi shafi ashirin daga kowane mai nema, da Hausa ko Turanci ko harshen gida, a cire sunaye, a ba alƙalan da ba 'yan jihar ba. Na ukun ya fi wuya, domin labarin Nuwamban 2014 da aka rubuta da gaskiya ba lallai ya yi wa kowace hukuma daɗi ba, kuma dole a amince da hakan tun kafin a buɗe ƙofa.

An haifi Abubakar Imam a 1911. Yana da shekara 22 ya shiga gasar Zariya, yana da 25 aka karɓo aronsa daga aji. Ɗaliban da suka tsira daga filin taron safe na Potiskum a 2014, mafi yawansu sun kai wannan shekaru ko sun wuce.