Jijiyar Murya da Tiyatar Kansar Maƙoshi

Wanda aka yi wa tiyatar kansar maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, yakan farfaɗo da murya a dishe. 'Yan'uwa sukan ce ai bututun numfashin da aka zura masa ne, kwana biyu zai warware. Sau da yawa haka ne. Amma a wasu majinyatan jijiyar murya ce ta taɓu, kuma a nan huhu ne ke cikin haɗari.

Wannan jijiya reshe ce ta jijiya ta 10 cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Hanyarta abin mamaki ce: sai ta gangara ƙasa tukuna, sannan ta juyo ta hau wuya. Ta dama tana juyowa tun a gindin wuya. Ta hagu kuwa sai ta shiga ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, shi ya sa ta fi tsawo, ta kuma fi yawan samun rauni. Dukansu suna hawa ne ta ɗan kwarin da ke tsakanin maƙoshi da maƙogwaro. Tun ƙarni na 2, likita Galen ya nuna wa mutanen Rum aikinta: ya datse ta a jikin alade mai ihu, nan take ihun ya ɗauke.

A bakin maƙogwaro akwai tantani biyu, kamar ƙyauren ƙofa. Su buɗe mu ja numfashi, su matso juna mu yi magana, su rufe gam idan za mu haɗiye ko za mu yi tari. Idan jijiyar gefe ɗaya ta raunana, tantanin wannan gefen ya tsaya cak. Majinyaci ya riƙa ƙwarewa da ruwa ko da yawu, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin fitar da kaki. Ga mutumin da aka buɗe wa ƙirji, aka ja tumbinsa sama aka ɗinke a madadin maƙoshi, wannan hanya ce ta kai tsaye zuwa nimoniya. Idan kuwa gefe biyun ne suka taɓu, numfashi kansa na iya toshewa, sai an huda wuya an sa bututu.

Bai kamata a yi saurin ɗora wa likitan fiɗa laifi ba. Ƙwayoyin kaluluwa da kansar ke yawan tsallakawa cikinsu suna jere ne a jikin wannan jijiya. Ya bar su, yana iya barin ciwo; ya kwashe su tsaf, sai ya ratsa kusa da zaren da ja ko zafin na'urar tsayar da jini kaɗai ke iya raunana shi. Salon aikin ma yana da tasiri. Wanda Ivor Lewis ya bayyana a 1946 yana haɗa ɗinkin a cikin ƙirji, na McKeown na 1976 kuma a wuya, inda aka fi cin karo da jijiyar. Likitocin Japan, da tun shekarun 1980 suke kwashe kaluluwar ciki da ƙirji da wuya gaba ɗaya, sun san tsadar wannan zaɓi. Yanzu wasu asibitoci na amfani da na'urar da ke gwada jijiyar ana cikin aiki. Akan kuma haɗu da wannan rauni wajen tiyatar maƙoƙo, domin jijiyar ta bayan maƙoƙon take wucewa.

Yawancin raunin na wucin gadi ne, murya ta dawo cikin wata 6 zuwa 12. Sai dai huhu ba ya iya jiran wannan lokaci. A ganina, duk wanda ya tashi daga wannan aiki da disasshiyar murya, a leƙa maƙogwaronsa da madubin likita kafin a fara ba shi ruwa, kuma tun kafin tiyata a gaya masa hakan na iya faruwa. Idan tantanin ya tsaya, ana iya yi masa allurar da za ta turo shi tsakiya, masu gyaran magana su koya wa majinyaci haɗiya da kai a sunkuye ko a juye gefe. Wanda nasa bai farfaɗo ba, akwai aikin da Nobuhiko Isshiki na Jami'ar Kyoto ya ƙirƙiro a 1974: a buɗe 'yar kafa a guringuntsin maƙogwaro, a sa ɗan abin da zai tokare tantanin. Akan yi shi majinyaci na farke, yana magana likita na saurare, har a daidaita muryar.