Idan mai fansho ya rasu, na wa ne kuɗin da ke shiga banki?

A da tsofaffin ma'aikata kan yi layi gaban akawu su karɓi fanshonsu hannu da hannu. Yau da yawa daga cikinsu ta banki ake biyan su. Wannan ya rage wahala, amma ya zo da wata matsala wadda iyalai ba su sanin ta sai ta same su. Mai fansho ya rasu, an yi jana'iza, an share makoki, sai ga kuɗi sun ci gaba da shiga asusunsa. Ɗansa yana riƙe da katin banki, kuma ya san lambar sirri. Ga buƙatun gida, ga damina ta ƙarato, ana son iri da taki. Shin a fiddo kuɗin a yi hidima da su, ko kuwa a bar su?

Mai biya dabam, mai ajiya dabam

A ƙasarmu Nijar hukumomi biyu ne manyan masu biyan fansho. CNSS, wadda aka kafa a 1965, ita ke kula da ma'aikatan kamfanoni da masu aiki ƙarƙashin dokar ƙwadago. CARENI kuwa ita ke biyan tsofaffin ma'aikatan gwamnati. Akwai kuma tsofaffin sojojin Faransa da waɗanda suka yi aiki a ƙasar, su daga can ake aiko musu.

Banki ba shi ne mai biyan fansho ba, mai ajiya ne kawai. Hukuma ta turo, shi kuma ya rubuta cikin asusun mai kuɗi. Ba banki ba hukuma, babu wanda ke zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye. Muddin ba a sanar da su ba, na'ura za ta ci gaba da turo kuɗi kamar mutumin yana raye.

Kuɗi iri uku ne

Na farko su ne kuɗin da ke cikin asusu kafin rasuwa, da duk wani fansho da mamacin ya cancanta tun yana raye amma ba a kai ga biyan sa ba. Waɗannan dukiyarsa ce, suna shiga cikin gado.

Na biyu su ne kuɗin watannin da suka biyo bayan rasuwa. Fansho haƙƙi ne na mai rai, yana ƙarewa da ƙarewar mai shi. Saboda haka waɗannan kuɗi ba gado ba ne, na hukumar da ta turo su ne, kuma za ta neme su.

Na uku shi ne fanshon da doka ta tanadar ma matan mamaci da marayunsa. Wannan sabon haƙƙi ne da sunansu, ba a biyan sa cikin asusun mamaci, kuma ba ya zuwa sai an nema.

Watan da aka yi rasuwa fa?

A nan kowace hukuma da dokarta. Misali biyu za su nuna haka. A Faransa, idan mai fansho ya rasu ranar 2 ga Yuni, kuɗin watan Yuni gaba ɗaya nasa ne, suna shiga gado. Daga Yuli ne biya ke tsayawa. A Amurka kuwa, babbar hukumar fanshon tsofaffi ba ta biyan watan rasuwa ko kaɗan. Ko da ranar 30 ga Yuni mutum ya cika, kuɗin Yuni, waɗanda ake turowa cikin Yuli, dole su koma. Baitulmalin ƙasar yana aika ma banki takardar neman su, kuma doka ta ɗora ma bankin nauyin mayar da su. Don haka ranar da kuka kai sanarwa, ku tambayi hukumar da ke biyan mamacinku: wane wata ne na ƙarshe da ya cancanta? Ku nemi a rubuta muku amsar.

Abin da banki ke yi

Da zarar banki ya samu labarin rasuwa, sai ya tsayar da asusun. Katin banki ya daina aiki. Takardar wakilci ma ta mutu. Wannan wuri ne da mutane ke yawan kuskure. Tsoho yana kwance ba lafiya, ya ba ɗansa wakilci ya riƙa karɓo masa kuɗin magani. Wakilcin nan yana aiki ne muddin tsohon yana raye. Ranar da ya rasu, ɗan ba shi da sauran izini, ko da takardar tana aljihunsa.

Bayan haka banki yana mayar ma hukumar fansho abin da ta turo bayan wa'adi. Yana kuma duba ko mamacin yana da bashi a wurinsa. A nan ku yi tambaya, domin sau da yawa bashin banki yana tafe da inshorar mutuwa, wadda ke biyan abin da ya rage. Sauran kuɗin kuwa banki zai riƙe su har magada su kawo takardun kotu. Tsayar da asusu ba ƙwace ba ne. Kariya ce ga mata da ƙananan yara, don kada mutum ɗaya ya kwashe rabon kowa.

Haɗarin yin shiru

A ce fanshon wani jika 60 ne a wata. Ya rasu, iyalinsa suka yi shiru, suka ci kuɗin wata shida bayan wa'adi. Jika 360 ke nan. Hukumomin fansho kan nemi takardar shaidar rayuwa lokaci zuwa lokaci, ko su ce mai fansho ya zo da kansa a gan shi. Na Faransa kowace shekara suke neman ta ga mazauna ƙasashen waje. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar binciken nan asiri zai tonu. Kuɗin da aka ci sun zama bashi, a biya su lokaci guda bayan an riga an kashe su. Wanda kuma ya yi takardar ƙarya don nuna mamaci yana raye, ya jawo ma kansa shari'a. Banda wannan, duk watannin da aka yi ana ɓoyo, matan mamaci da marayu ba su fara neman nasu haƙƙin ba.

Rabon mata da marayu

A tsarin CNSS, matar mamaci tana samun rabin fanshon mijinta. Idan mata sun fi ɗaya, sai a raba rabin nan daidai tsakaninsu. Kowane maraya da bai wuce shekarun da doka ta yanka ba yana samun kashi 25 cikin 100, wanda ya rasa uwa da uba kuwa kashi 40. Sai dai jimillar ba ta wuce fanshon mamacin. Mu koma ga mai jika 60. Idan ya bar mata biyu da ƙananan ƴaƴa biyu, kowace mace jika 15, kowane yaro jika 15. Kun ga abin da ake ɗauka a ɓoye cikin tsoro, ga shi doka tana bayarwa a fili. Amma fa sai da takardar aure da takardun haihuwar yara. Wanda bai yi su ba, ya yi tun yana da rai da lafiya.

Matakan da za a bi

1. A sanar da rasuwa wurin mai rubuta haihuwa da mutuwa na ƙauye, ko gidan likita, ko ma'aikatar magajin gari. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali.

2. A kai takardar shaidar mutuwa banki da hukumar fansho, duka biyu. A riƙe shaidar cewa an kai, mai kwanan wata da hatimi.

3. A daina taɓa katin banki tun daga ranar rasuwa.

4. Dangi su yi taro su zaɓi wakili, a kai takardar taron kotu, a karɓo takardar shaidar magada. Da waɗannan ne banki ke sakin dukiyar mamaci. A biya bashinsa tukuna, sannan a raba gado.

5. Mata da mai riƙon marayu su kai takardunsu hukumar fansho ba tare da jinkiri ba.

Kada a manta da asusu

Wasu iyalai kuma ba su san ma mamacinsu yana da asusu ba. A ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ana mai da kuɗinsa babban banki, wato BCEAO. Magada suna iya neman su can, amma in shekara 30 ta cika sai su koma baitulmalin gwamnati. Saboda haka, ya kai mai fansho, ka gaya ma iyalinka bankin da kake ajiya da inda takardunka suke. Faɗar haka ba ta kawo mutuwa. Ku kuma da kuka iya karatu, ku karanta ma tsofaffin unguwarku da matan da mazansu suka rasu wannan bayani, don kowa ya san nasa, ya bar abin da ba nasa ba.