Rubutun da ke jikin naira ba Larabci ba ne

Duk lokacin da aka taso da maganar rubutun da ke jikin takardun naira, sai ka ji ana cewa Larabci ne, wasu har su ce yunƙurin musuluntar da ƙasa ne. Maganar ta kai kotu, kuma a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yi watsi da ƙarar, amma har yau ba a daina ba. Ka ɗauki dubu ɗaya ka miƙa wa ɗan makarantar allo, zai karanta maka "naira dubu". Hausa ce zalla, da ajami aka rubuta ta. Balarabe zai gane baƙaƙen, ba zai gane maganar ba.

Ita kanta kalmar ajami daga Larabci ta fito, tana nufin abin da ba na Larabawa ba. Kuɗin namu ma duk sunayen aro ne. Naira daga sunan Nijeriya aka yanko ta, ta fara aiki a 1973. Kwabo, sule, sisi da fam daga bakin Turawan Ingila muka karɓa. Dala kuwa ta yi doguwar tafiya: tushenta wani kwari ne a ƙasar Cek inda ake haƙar azurfa, ta biyo fatake da kuɗin azurfan nan da ake kira Mariya Tariza, kuma tushe ɗaya suke da dalar Amurka. Yau a kasuwar Maraɗi dala ɗaya sefa biyar ce. Ba wanda ya kai waɗannan kotu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu masu abin muka yi sakaci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ajami ta yi waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, shekaru da dama kafin Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Yarabawa da Barebari da Nufawa duk sun yi rubutu da ajami. Ga wasiƙun sarakuna da takardun bashi da littattafan magani a cikin adakoki, gara na ci, magada ba su iya karantawa.

A 2007 Babban Banki ya cire ajami daga naira 5 zuwa 50, a 2014 ya cire daga naira 100. Mun yi ta kururuwa, sannan kowa ya koma harkarsa. Gwamnonin Arewa, ku sa ajami a manhajar firamare, ku ware kuɗin ɗaukar hoton waɗannan takardu tun kafin su ƙare.