Jirgin da ba ya tangaɗi ma yana kifewa

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, fito a kwalekwale ya zama na kowa. Wanda bai taɓa taka jirgi ba, yau ga shi a bakin kogin Isa yana zaɓe da ido, kuma babba mai faɗin ciki yake nunawa, wai ya fi zama daram.

Yana da gaskiya, amma rabi. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ko ka taka gefensa ba ya motsi in ruwa na kwance. Sai dai taurin kai gare shi: matuƙi ya hango kututture ko dorina ya karkata, jirgin sai ya ga dama zai bi. Igiyar ruwa kuma in ta bugo ta gefe, tare suke jirkicewa. Siririn kwalekwalen masunta kuwa, kana sa ƙafa ya hau rawa, gabanka ya faɗi, amma filafili ɗaya ya isa ya juya shi. Rawar nan a hannun gwani ba aibu ba ce; haka jirgin kayak na mutanen Inuwit yake, siriri, kuma da shi suka yi farauta a teku.

Abin da ke kashe mutane lodi ne. A jibga buhuna, a ɗora babura, fasinja su hau kan kaya su zauna: nauyi ya koma sama, bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Daga nan babu zaman daram ɗin, babu kuma jin juyi. A Satumban 2017, jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga yankin Gaya zuwa kasuwar Lolo a jihar Kebbi ya kife, aka tsamo gawa fiye da 30.

Kafin ka biya kuɗin fito, dubi tazarar bakin jirgi da ruwa. In ba ta kai taƙi ba, jira na gaba. Zauna ƙasa, a tsakiya. In jirgi ya karkata kada ku ruga gefe guda, wannan rugawar ita ke ƙarasa shi. Ruwan da ya taru a ciki a kwashe tun yana kaɗan, don shi ma gangarawa yake inda jirgi ya karkata. Tambayi rigar ruwa ko da za a yi maka dariya. In hadari ya haɗo daga gabas, kwana a Gaya.