Bargon Gida: Zaɓen Ƙyalle da Ɗinki a Gaɓar Tafkin Kainji

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, garuruwan gaɓar Tafkin Kainji sukan sha sanyi iri biyu a dare ɗaya. Akwai busasshen ɗarin da iska ke kwasowa daga Sahara, wanda duk ƙasar Hausa ta sani. Akwai kuma danshin da ke tasowa daga ruwa gab da asuba, ya lulluɓe tabarma da duk abin da aka bari a waje. Tafkin ya samu ne a 1968, bayan an datse kogin Kwara a Kainji, kuma ya shafe ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 1,200. Fiye da mutum 40,000 aka tayar daga tsibirai da gaɓar kogi aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa. Har gobe rayuwar Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da ta Yelwa da ƙauyukan Shanga tana ɗaure da ruwa: masunta na kwana a kwalekwale, masu albasa na sammakon ban ruwa, fatake na kwana a tasha suna jiran ranar kasuwa. A irin wannan wuri, abin rufa nagari shi ne mai riƙe ɗumi, mai saurin bushewa, wanda kuma wanki ba ya kashe shi.

Kafin bargon kanti

Bahaushe ya daɗe da sanin yadda zai kare kansa daga ɗari. Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, sannan a jera ƙwaryoyin gefe da gefe a haɗa su da allura. Ta haka ake samun luru mai ratsi-ratsi. Gwado kuwa, da zare mai kauri ake saƙa shi, kuma mata ma suna da tasu masaƙar tsaye mai fitar da ƙyalle mai faɗi. Mai hali yakan sayi sakala, bargon gashin da ake kawowa daga wajen Tambutu da Masina, inda masaƙan Fulani ke saƙa ulun tumaki. Ƙasar Yawuri, inda Yelwa take, tana kan hanyar fataken Gwanja, masu ƙetare Kwara da tufafin Kano su komo da goro, saboda haka irin waɗannan kaya ba baƙi ba ne a kasuwanninta.

Shi ma ɗinkin da ake cusa wani abu tsakanin ƙyalle biyu tsohon ilimi ne a wajenmu. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa ranar yaƙi ƙyalle ne da aka cika da audugar rimi, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya zurare. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi. Dabarar da ke tare kibiya ita ce ke tare sanyi. Wasu al'ummomi ma sun bi wannan hanya: matan Bangaladash da gabashin Indiya suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke su zama mayafin da suke kira kantha, matan Sindh a Pakistan kuma suna da nasu mai suna ralli.

Zuwan masaƙun zamani ya ja da masaƙin gargajiya baya. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta a Kaduna da Kano. Ita ta farkon ta rufe a 2002, sauran ma akasari suka durƙushe. Yau yawancin yadin da ke fitowa daga Kantin Kwari a Kano zuwa kasuwannin Yelwa da Warra daga ƙasashen waje yake, musamman Sin, kuma da yawa daga cikin atamfa mai araha gauraye take da zaren roba. Dalili ke nan da ya sa mai ɗinkin bargo a yau take buƙatar ido da hannu fiye da kakarta, wadda ta san audugarta tun daga gona.

Inda ɗumi yake

Bargo ba ya haifar da zafi. Jikin mutum ne ke fitar da shi, aikin bargo shi ne ya hana shi gudu. Abin da ke yin wannan aiki kuwa iskar da ta maƙale ce a tsakanin zaruruwa, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Shi ya sa siraran zannuwa uku da aka ɗora kan juna suka fi ƙyalle ɗaya mai nauyinsu ɗumi. Ruwa kuwa yana jan zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, don haka da zarar danshi ya kori iskar nan, bargo ya tashi daga aiki. Bargon gida yakan zama hawa uku: fuska, da ciko, da shafi mai taɓa jiki.

Zaɓen ƙyalle

Auduga ita ce uwar tafiya. Tana da laushi, tana shan gumi, tana jure sabulu da rana. Aibinta shi ne idan ta jiƙe takan yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba. Ga shafi, babu kamar tsohon zanen da ya sha wanki ya yi laushi, ya gama zuba, ya gama tsukewa. Ga fuska kuwa a nemi atamfa mai ƙarfi ko guntayen yadin da ke taruwa a shagon tela. Sabuwar shadda tana da santsi, takan zame daga jiki cikin dare. Leshi da duk wani yadi mai duwatsu ko ƙyalƙyali a bar su wa kwalliya.

Ulu ya fi kowanne dacewa da bakin ruwa, domin yakan sha danshi mai yawa bai daina ɗumama jiki ba, kuma wuta ba ta saurin kama shi. Ana samunsa cikin rigunan sanyi na gwanjo, a farke su a yanka su zama ciko. Sai dai yana ƙaiƙayi, ruwan zafi yana tsuke shi, asu kuma yana cin sa a ajiya.

Yadin roba mai gashi-gashi ba shi da nauyi, yana da araha, kuma nan da nan yake bushewa. Wannan ya sa ya yi wa masunci daidai. Amma tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi ya manne a fata. Ɗakin da ake kwana da kaskon garwashi ko fitilar kananzir, ba wurinsa ba ne.

Audugar rimi ba ta shan ruwa, har a da da ita ake cika rigunan ceto na jiragen ruwa. Ta yi kyau a matashi da katifa, amma a bargo takan dunƙule bayan wanki, ga shi kuma wuta na cin ta cikin ƙiftawar ido. Mafi sauƙin ciko shi ne tsofaffin zannuwa biyu ko uku, ko tsohon gwado, ko bargon da ya sirance.

Mai saye na iya gane gaskiyar yadi ba tare da rantsuwar mai kaya ba. A zare ɗan zare daga gefe a kusantar da ashana. Auduga takan ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yakan yi ƙaurin gashi, ya bar baƙin abu mai murƙushewa a yatsa. Roba takan nannaɗe ta narke, ta daskare ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Don gane mai zuba, a jiƙa gefen yadin a goga shi a kan farin ƙyalle. A kuma ɗaga shi sama a duba: idan hasken rana na ratsowa sosai, saƙarsa sakwa-sakwa ce, ba za ta yi ƙarko ba. Araha dai ba ta ado.

Ƙa'ida ɗaya ta fi sauran muhimmanci: a haɗa ƙyallaye masu kauri ɗaya da ƙarfi ɗaya. Idan aka ɗinka sabo jikin wanda ya ruɓe, sabon ne zai yage tsohon a bakin ɗinki. Kuma duk sabon yadi a wanke shi kafin a sa masa almakashi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, ta bar bargo a murɗe.

Awo da ɗinki

Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zani uku masu yadi bibbiyu. Zani biyu da aka haɗa ta gefen tsawo sukan ba da fuskar da ta kai wajen mita 1.8 a ɗaya gefen, mita 2.3 a ɗayan, wadda ta ishi babban gado. Shafi ma zani biyu ne. Na yaro kuwa, zani ɗaya sama, ɗaya ƙasa ya wadatar. Mai aiki da guntaye sai ta yanka kwali mai kusurwa huɗu ta riƙa auna kowane guntu da shi, ta bar kamar faɗin yatsa a kowane gefe don ɗinki. Ta fara haɗa guntayen su zama dogayen layuka, sannan ta haɗa layukan, kamar dai yadda ake haɗa ƙwaryoyin saƙi.

Daga nan sai a share tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Shafi ne a ƙasa, fuskarsa na kallon tabarma, ciko a kansa, fuska a sama. A miƙe kowanne da tafin hannu har ya kwanta sumul, a danne kusurwoyi da duwatsu, a kama hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi. Ɗinkin gaske daga tsakiya yake farawa ya nufi gefe, domin idan aka faro daga gefe, rarar ƙyalle takan taru a tsakiya ta yi tudu. A bar tazarar yatsa huɗu tsakanin layi da layi. Idan layukan sun yi nisa, ciko zai taru wuri guda. Idan sun matsu ƙwarai, sun matse iskar da ake nema, bargon ya yi tauri. Keken ɗinki irin Singer ko Butterfly zai yi wannan aiki muddin an sa babbar allura an kuma buɗe taƙin ɗinki. Wadda ba ta da keke, basilla da zare riɓi biyu sun ishe ta: ta riƙa soka zare ta ƙulle shi a kowane taƙi, gaba da gefe. A ƙarshe a kalmashe baki, ko a naɗe shi da tsirin yadi mai ƙarfi, domin daga baki bargo ke fara mutuwa.

Kowa da nasa

Na masunci ya zama mara nauyi, mai duhun launi, mai ulu ko roba a ciki, a kuma ajiye shi cikin leda a kwalekwale. Na tsoho ya zama auduga mai laushi, tunda shi ne ya fi kusa da wuta. Na jariri ya zama siriri, ba maɓalli ba zaren da ke lilo, kuma kada ya haura ƙirjinsa, don bargo mai nauyi na iya toshe masa numfashi. Na ɗalibin makarantar kwana da almajiri kuwa, ya zama wanda yaro zai iya wankewa ya matse da kansa.

Bargo yana son rana. A riƙa shanya shi a kai a kai, a duba bakin ɗinki saboda kuɗin cizo, kuma idan bazara ta shigo kada a naɗe shi sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba damina za ta sa ya yi fumfuna. Inda ya fara ɓulewa a sa maho tun ramin bai yi girma ba.

Kayan wannan aiki suna nan a cikin gidajenmu da shagunan telolinmu, da yawa ma a bola suke ƙarewa. Mai niyya ta fara tara zannuwa da guntaye tun damina, ta wanke, ta ware, ta ɗinka da kaka, kada ta bari sai hazo ya sauka.