Kasuwancin Hayar Suna: Ire-irensa da Sharuɗɗansa

Duk wanda ya taso daga Gella, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, ya shiga garin Mubi, zai ga gidajen mai da rumfunan lemo da na masu cirar kuɗi, kowanne da tambarin wani babban kamfani. Da yawa daga cikinsu kuwa ba mallakar kamfanin ba ne. Mutanen gari ne suka zuba jarinsu, kamfani ya yarje musu su yi ciniki da sunansa bisa sharuɗɗa. Wannan shi ne hayar suna, kuma iri huɗu ne.

1. Hayar sarrafa kaya

A nan mai suna yakan ba ka izinin yin kayansa a masana'antarka, daidai yadda ya tsara. Da haka Nigerian Bottling Company, wanda aka kafa a 1951, yake yin Coca-Cola a ƙasar nan. Wannan iri sai mai jari mai kauri. Idan mai sunan kamfanin ƙasar waje ne, lalle ne a yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP, wadda asalinta ya faro a 1979.

2. Hayar rarraba kaya

Wannan shi ne zama dila: na man fetur, ko siminti, ko lemo. Kamfani yakan sayar maka da ragi, ribarka ita ce ragin. Sau da yawa akan hana ka sayar da kayan abokan gasarsa, a kuma yanka maka yanki. Mutanen Mubi su lura da wannan, tun da Kamaru na kusa: ƙetare iyaka da kaya ba tare da izini ba yana iya karya yarjejeniya, ya kuma jawo fushin hukuma.

3. Hayar tsari ɗungurungum

A nan ba kaya kaɗai ake ba ka ba, har da fasalin shago, da tufafin ma'aikata, da yadda za a tarbi mai saye. Misalinsa gidajen abinci irin su Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986. Za ka biya kuɗin shiga, sa'an nan ka riƙa ba da wani kaso. A kula, galibi daga jimlar ciniki ake cire kason, ba daga riba ba. Watau ko ka faɗi a wannan wata, sai ka biya.

4. Wakilcin hidima

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, matasa da yawa suke karɓa da biyan kuɗi da na'urar POS da sunan wani banki ko kamfani. Shi ne mafi sauƙin jari, kuma ya dace da gari kamar Gella. Ladansa kamasho ne, amma haɗarin ajiye tsabar kuɗi yana wuyanka.

Kafin ka sa hannu

Ka tabbatar kamfanin yana da rajista a hukumar CAC, kai ma ka yi wa kasuwancinka. Ka je ofishin kamfanin da ƙafarka, kada ka miƙa ko kwabo ga ɗan tsakani. Ka nemi a rubuta shekarun yarjejeniya, da iyakar yankinka, da abin da zai sa a ƙwace izinin, da makomar jarinka idan an rabu. Ka kai wa lauya takardar ya karanta maka, ka kuma tambayi waɗanda suka riga ka shiga.

Sunan da aka sani yana jawo masu saye, amma na aro ne, mai shi kuwa yana da ta cewa a shagonka. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Saboda haka ka zaɓi irin da jarinka zai ɗauka, wanda kuma za ka iya cika sharuɗɗansa.