Safiya guda a gidan namun dajin Bejin: tsarabar da ba ta shiga jaka

Duk ma'aikacin da ya taɓa zuwa kwas ko taro a ƙasar Sin ya san yadda ranar hutu take ƙarewa. Da zarar an tashi daga zama na ƙarshe, sai ayari ya nufi kasuwa, wannan na neman waya, wancan na cigiyar akwati da takalman yara. Ba laifi ba ne, domin na gida suna jiran tsaraba. Sai dai a yammacin tsakiyar Bejin, a gundumar Xicheng, akwai wurin da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na 4, yake tsayawa a bakin ƙofarsa, kuma kuɗin shigarsa bai kai yuwan 20 ba. Wannan shi ne gidan namun dajin Bejin.

An kafa shi a 1906, a ƙarshen zamanin daular Qing, a matsayin filin gwajin aikin gona mai ɗauke da 'yan dabbobi. A 1955 ne aka raɗa masa sunan da yake amsawa a yau. Akwai zakuna da giwaye da raƙuman dawa a ciki, amma baƙon da ya taso daga Afirka ba su ya zo gani ba. Ribar tafiyarsa tana wajen dabbobin da Allah ya keɓance ƙasar da su, kuma jagoransu ita ce panda.

Panda dangin beyar ce, fara da baƙi, wadda a daji ba a samun ta sai a tsaunukan lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu. Hanjinta irin na masu cin nama ne, amma kusan duk abincinta gora ce. Da yake cikinta ba ya narkar da gorar sosai, dole ta ci da yawa: daga kilo 12 har zuwa sama da 30 a rana, tana shafe fiye da sa'o'i 10 tana tauna. Wanda ya tsaya ya lura zai ga tana riƙe sandar gora kamar mai shan rake, da taimakon wani ƙashin wuyan hannu da ya yi tsawo ya zama tamkar babban yatsa. Sauran lokacinta barci ne. Shi ya sa sammako yake da muhimmanci. Wanda ya iso bayan azahar yawanci bayan dabbar kawai zai gani. Haka kuma a guji makon farko na Oktoba da hutun farkon Mayu, lokacin da cunkoso yake hana sakat, kuma a riƙe fasfo, domin da shi baƙo yake yankar tikiti.

A wannan gida ne aka fara samun nasarar haihuwar panda a hannun ɗan Adam, a 1963. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin macen ba ta karɓar ciki sai a 'yan kwanaki ƙalilan a shekara, jaririn kuma yana zuwa da nauyin da bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Ƙidayar da Sin ta bayyana a 2015 ta nuna akwai panda 1,864 a daji, kuma a 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayinta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. A 2021 gwamnati ta haɗe dazuzzukanta a ƙarƙashin gandun ƙasa guda.

Ga mai aiki a ofishin minista ko ma'aikatar harkokin waje, panda darasi ce a diflomasiyya. Bayan ziyarar Shugaba Nixon a 1972, Sin ta ba Amurka kyautar guda biyu. Daga shekarun 1980 aka daina kyauta aka koma aro, inda gidan da ya karɓa yake biyan kuɗi duk shekara, kuma duk ɗan da aka haifa mallakin Sin ne. Ya Ya, wadda ta yi shekara 20 a Memphis, ta dawo wannan gida na Bejin a 2023.

Wanda yake da sauran lokaci, sai ya gangara kudancin birnin, zuwa gandun Nanhaizi, ya ga milu. Wata irin barewa ce da Sinawa suke cewa tana da ƙahon barewa, fuskar doki, kofaton saniya da wutsiyar jaki, amma ba ko ɗaya daga cikinsu ba ce. Garke na ƙarshe yana cikin gandun farautar sarki ne lokacin da ambaliya ta rushe katangarsa a ƙarshen ƙarni na 19, sannan sojojin ƙetare da suka mamaye Bejin a 1900 suka ƙarasa abin da ya rage. Milu ta ƙare ƙaf a ƙasarta. Abin da ya cece ta shi ne wani basarake a Ingila, mai sarautar Bedford, da ya tattara guda 18 daga gidajen namun dajin Turai ya kiwata su a gandunsa na Woburn. Daga zuriyarsu aka mayar da kimanin 20 Bejin a 1985, kuma a yau ana ƙirga su da dubbai.

Wannan labari bai yi wa ɗan Nijeriya nisa ba. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya taɓa yawo a dazuzzukan arewacin ƙasar nan, amma yanzu wanda yake son ganin garkensa sai ya tsallaka Nijar, yankin Kure da ke kusa da Yamai, inda adadinsu ya taɓa sauka zuwa 49 a 1996 kafin kariya ta mayar da su ɗaruruwa. Giwayen Yankari da birai na Gashaka Gumti suna nan tukuna, kuma makomarsu tana rataye da kasafin kuɗi da takardun da suke bi ta teburan gwamnati. Milu ta yi sa'ar samun mai ajiye mata iri a ƙasar waje. Ba kowace dabba ce take samun wannan gatan ba.